Daga akwatin samariya zuwa parabol: tarihin kallon wasanni a Damargu

Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Agadas, ya ratsa Bakin Birji ya isa Tanut, zai ga shaidar wannan karin magana bisa rufin ɗakuna da kan katangu: manyan farantai na ƙarfe, farare da masu tsatsa, kowane ya ɗaga fuska sama. Su ne ake kira parabol, kuma da yawa daga cikinsu ƙwallon ƙafa ce ta sa aka kafa su. A ƙasashen Turai da Amurka, hoton telebijin na biya ya daɗe yana bin waya har cikin ɗaki, mai gida ya zauna shi kaɗai ya zaɓi tashoshin da yake so. A Damargu irin wannan waya ba ta taɓa shiga gidaje ba. Hoto daga sama ya sauko, kuma zaɓen abin da za a kalla bai taɓa zama al'amarin mutum guda ba. Da can hukuma ce ke zaɓar wa kowa, a yau mai gidan kallo ne ke zaɓar wa unguwa. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka tashi daga wancan hali zuwa wannan, da abin da aka samu da wanda aka bari a hanya.

Zamanin dandali da rediyo

Damargu, wato ƙasar da a yau ta ƙunshi gundumomin Tanut da Balbeji, an san ta tun da da noman hatsi. Ita ce rumbun da ayarin Abzinawa ke aune a cikinsa kan hanyarsu tsakanin Abzin da Damagaram da Kano, kuma a nan manoma Hausawa da Dagira suka zauna tare da makiyaya Buzaye da Fulani. A irin wannan ƙasa wasa yana bin kaka. Sai an ɗaure damma an cika rumbu sannan kalangu da ganga ke tashi, samarin wannan gari su je wancan gari kokowa, a yi dambe, yara su yi langa, makiyaya su yi tseren raƙuma a wurin taronsu. Mai kallo da mai wasa sun san juna, sun san iyayen juna. Ba a biyan kuɗin shiga, sai dai kyautar da mutum ya ga dama ya yi wa makaɗi ko ɗan kokowar da ya burge shi.

Rediyo ce ta fara kawo wasan da ba a dandalin gari ake yin sa ba. An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, aka kafa hukumar ORTN a 1967, daga baya gidan ya ɗauki sunan Muryar Sahel. Lokacin da ɗan damben zamani Issaka Daboré ya ciyo wa Nijar lambar tagulla a wasannin Olimpik na birnin Munik a 1972, ta kunne labarin ya iso Damargu. A 1975 gwamnatin Seyni Kountché ta shirya gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, inda Yacouba Kantou na Maradi ya zama sarki. Daga nan kokowa ta tashi daga wasan ƙauye ta zama al'amarin ƙasa, mutanen Tanut suka riƙa kewaye rediyo don jin yadda ƴan kokowar jihar Damagaram suka kwashe da na Doso ko na Tawa. Mai ba da labari shi ne idon kowa. In ya ce an kai wane ƙasa, to an kai shi, ko da kuwa gardama za ta kai asuba.

Akwatin kowa da kowa

Telebijin ta shigo Nijar ta ƙofar lakwal. A 1964 aka soma gwajin koyar da yara ta akwatin telebijin tare da taimakon Faransa, kuma tun a ƙarshen shekarun 1960 aka fara kunna waɗansu akwatunan da hasken rana a ƙauyukan da ba su da lantarki, abin da ya sa Nijar cikin ƙasashen farko da suka gwada wannan dabara. Wannan tushe ne aka ɗora tashar ƙasa, Télé Sahel, a kansa a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa. Gwamnatin soja ta lokacin ta ɗauki telebijin a matsayin kayan wayar da kai, saboda haka ta rarraba akwatuna a wuraren taruwar jama'a, musamman a hannun samariya, wadda Kountché ya farfaɗo da ita ya mai da ita ginshiƙin tafiyar da matasa.

Wanda ya girma a shekarun 1980 a garuruwan da hoton ke isa ya san siffar abin. Akwati guda ne, tasha guda, ƴan sa'o'i da maraice. Yara a gaba bisa rairayi, manya a baya bisa tabarma ko benci, mata a gefe. Babu zaɓi, amma babu biya. Abin da Yamai ta aiko shi ake kallo: labaru cikin harsunan ƙasa, wasan kwaikwayo, jawabin shugaba, waƙoƙin bikin matasa, kokowa in lokacinta ya zo, da ƙwallon ƙafa in gasar Afirka ko ta duniya ta kama. Ta irin waɗannan akwatuna ne mutanen Sahel da yawa suka ga Kamaru ta doke Ajantina da ci 1 da nema a wasan buɗe gasar duniya ta 1990, suka ga Roger Milla, dattijon ƴan wasa, yana rawa a kusurwar fili.

Abin lura a wannan zamani shi ne ƙwallon waje baƙuwa ce mai zuwa jefi-jefi. Gasar duniya sai bayan shekara 4, ta Afirka bayan shekara 2. Tsakanin nan, gwanayen da yaro ke kwaikwayo a bayan gari su ne ƴan kokowar da ya ji ana yi wa kirari.

Saukowar parabol

Shekarun 1990 sun sauya abubuwa biyu lokaci guda. Taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar kafofin watsa labarai masu zaman kansu, samariya ta rasa matsayinta, akwatunan da suka lalace ba su sami mai gyara ba. A sama kuma taurarin ɗan adam suka yawaita. Kamfanin Canal+ na Faransa ya ƙaddamar da Canal Horizons a Senegal a 1991, daga nan ya bazu cikin ƙasashe masu amfani da Faransanci. A Afirka ta Kudu kamfanin MultiChoice ya fito da DStv a 1995, tare da tashoshin SuperSport, ya mamaye kasuwar Nijeriya. Daga gabas kuma taurarin Arabsat da Nilesat suna zubo tashoshin Larabawa, da yawansu kyauta, ciki har da tashar wasanni ta Aljazira da aka buɗe a Katar a 2003, wadda daga baya ta koma beIN Sports.

Damargu tana tsakiyar waɗannan iskoki uku. Hanyar da ayari ke bi da gishiri da dabino ita ce hanyar da kayan lantarki suka biyo: ƴan kasuwa na saro su daga Kano, ƴan cirani na dawowa da su daga Libiya da Aljeriya. Parabol na farko manya ne masu tsada, sai gidan babban ma'aikaci ko attajiri. Da farashi ya sauka kuma ƙananan injinan wuta na ƙasar Sin suka cika kasuwa a shekarun 2000, sai wata sana'a ta tsiro, wadda aka daɗe ana yi a Kano da Katsina da Maradi: gidan kallo. Rumfa ce ta zana ko ta kwano, da benci, da akwati ɗaya ko biyu, da allo a ƙofa inda ake rubuta wasannin ranar da alli. Da rana fim ɗin Indiya ko na Kano, ranar wasa kuwa ƙwallo.

Abin da ya cika waɗannan rumfuna shi ne ganin ƴan Afirka a manyan ƙungiyoyin Turai. Nwankwo Kanu, wanda ya jagoranci Nijeriya ta ci zinariya a Atlanta a 1996, ya koma Arsenal a 1999, ya janyo wa ƙungiyar magoya baya a duk ƙasar Hausa. A 2004 Didier Drogba ya tafi Chelsea, Samuel Eto'o ya tafi Barcelona. Daga nan ƙwallon waje ta daina zama baƙuwa ta zama ƴar gida mai zuwa kowane mako: Asabar da Lahadi gasar Ingila da ta Sifen da ta Faransa, Talata da Laraba da dare gasar zakarun Turai. Agogon Nijar ya yi daidai da na Faransa a lokacin ɗari, don haka wasan Ingila na Asabar yakan faɗo wajen la'asar, na zakarun Turai kuma bayan isha'i, a daren da gobe akwai lakwal. Malaman makaranta sun san wannan jadawali ko ba su kallon ƙwallo, don sukan karanta shi a idon ɗalibai ranar Laraba da Alhamis da safe.

Wane dami za a ɗauka?

Kamfanonin ba su sayar da tasha ɗai-ɗai. Sukan haɗa tashoshi da yawa su ɗaure su wuri guda su sa musu kuɗin wata, abin da Faransanci ke kira bouquet. Bahaushen Damargu zai fi gane shi da sunan dami. Akwai ƙaramin dami, akwai matsakaici, akwai babba. A wurin Canal+ sunayen da aka saba ji su ne Access da Évasion har zuwa Tout Canal+. Dabarar ɗaurin ɗaya ce a ko'ina: tashoshin ƙasa da na labarai da na waƙe-waƙe suna cikin mai araha, wasannin da jama'a suka fi so kuwa akan tura su cikin mai tsada, ta yadda mai son zangarniya guda sai ya sayi damin duka.

Mai gidan kallo a Tanut ko Gangara ko Balbeji, in ya tashi zaɓe, tambayoyi huɗu yake yi wa kansa. Ta farko, wace ƙungiya unguwarsa ke goyon baya? In magoya bayan Real Madrid da Barcelona ne suka fi yawa, damin da ba shi da gasar Sifen asara ne, kome arhar sa. Ta biyu, da wane harshe za a yi sharhi? Canal+ da Faransanci take magana, kuma shi ne ƴan lakwal ke ji. DStv da Ingilishi, ga shi a Nijeriya ake biyan kuɗinta da naira. BeIN da Larabci, wanda waɗanda suka yi zaman Libiya suka saba da shi. Ba abin mamaki ba ne a tarar da parabol biyu ko uku a kan rumfa guda, kowane ya fuskanci tauraronsa. An kuma san masu rage muryar akwati su kunna rediyo, musamman a shekarun da sashen Hausa na BBC ke kawo sharhin gasar Ingila kai tsaye, don su ji ƙwallo da harshensu.

Tambaya ta uku ita ce lissafi. Kuɗin shiga gidan kallo ba ya wuce dala goma ko ashirin sai in babban wasa ne. In an ɗauka kuɗin wata jika 10 ne, kuma kowane mai kallo na biyan dala ashirin, sai mutum 100 sun shiga kafin a mai da kuɗin damin kaɗai, ban da man inji, ban da gyara, ban da yaran da ke leƙe ta kafar zana. Ga shi aljihun Damargu yana bin damina. Shekarar da hatsi ya yi kyau, rumfa kan cika daga kaka har bazara. Shekarar da aka yi ƙarancin abinci, kamar 2005, samari sukan watse cirani, benci ya zauna wayam. Sa'ar da mai rumfa ya yi ita ce gasannin Turai na hutawa daga ƙarshen Mayu zuwa Agusta, daidai lokacin da masu kallonsa ke gona.

Tambaya ta huɗu ita ce wuta. Babban dami ba shi da amfani in akwati ya mutu ana tsakiyar wasa. Da aka yanke lantarkin da Nijeriya ke sayar wa Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, har zuwa farkon 2024, jihar Damagaram na cikin waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu. A ƙauyuka kuwa, inda layin wuta bai kai ba, allon hasken rana da batir ne suka maye gurbin inji a wurare da yawa, sai aka koma ga dabarar da telebijin ɗin lakwal ta gwada fiye da shekara 50 da suka wuce.

Bayan duk wannan akwai abin da ba ya hannun mai rumfa ko kaɗan, wato haƙƙin nuna wasa. Hukumomin ƙwallo na yin gwanjon wannan haƙƙi duk bayan ƴan shekaru, wanda ya fi tayi ya ɗauka. A 2007 wani kamfanin Nijeriya, HiTV, ya karɓe mafi yawan wasannin gasar Ingila daga hannun DStv a ƙasar, masu gidajen kallo suka ruga suka sayi sabuwar dekoda, kafin 2011 ta ƙare kamfanin ya durƙushe. A 2022 kamfanin New World TV na Togo ne ya riƙe haƙƙin gasar duniya ta Katar a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wanda ya saba da wata dekoda ya tashi ya ga ba ta isa ba. A 2025 kuma Canal+ ya mallaki MultiChoice, manyan masu sayar da dami biyu suka koma hannu guda. Duk waɗannan shawarwari a Faris da Landan da Johanasbag da Lome aka yanke su, amma kowace sai ta taɓa aljihun saurayin da ke tara dala ashirin a Tanut. Shi ya sa dekoda ta bayan fage, mai buɗe tashoshi ba da izini ba, ba ta rasa kasuwa, duk da an san halinta na ɗaukewa a daren da aka fi bukatar ta. Araha ba ta ado.

Mena da takobi

Akwai ranakun da damin mai tsada ba shi da wani fifiko. A watan Oktoba na 2010 ƙungiyar ƙasa, Mena, ta doke Masar mai riƙe da kofin Afirka da ci 1 da nema a Yamai, Moussa Maazou ne ya jefa ƙwallon. Shekara guda bayan haka, duk da Masar ta rama da ci 3 a Alƙahira, Nijar ta samu gurbin gasar Afirka karo na farko, yayin da ƴan wasan Afirka ta Kudu ke rawar murna a filinsu bisa kuskuren fahimtar doka. A gasar 2012 a Gabon Mena ta sha kashi a wasanni uku, amma ƙwallon da William N'Gounou ya jefa wa Tunisiya ta tashi kowace rumfa tsaye. A 2013 a Afirka ta Kudu ta samu makinta na farko da ta yi canjaras da Kwango Kinshasa. A waɗannan ranaku mai goyon bayan Arsenal da mai goyon bayan Chelsea benci ɗaya suka zauna. Haka aka yi a 2016 da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo azurfa a wasan taikwando a birnin Riyo. A 2023 da 2024 kuwa, da filin wasa na Seyni Kountché ya gaza cika sharuɗɗan hukumar ƙwallon Afirka, Mena ta riƙa karɓar baƙinta a Maroko, sai mutumin Yamai ma ya koma kamar na Tanut, ba shi ganin ƙungiyarsa sai ta akwati.

Wadda ta fi kowace tara jama'a ita ce gasar takobi. Kowace shekara jihohi 8 na aiko da ƴan kokowa goma-goma, gasar na zagayawa daga wannan babban gari zuwa wancan, Télé Sahel da Muryar Sahel na kawo ta kai tsaye da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Kwana goma ko kusa da haka, kasuwa kan yi sanyi da yamma. Tsohuwar da ba ta san sunan ko ɗan ƙwallo guda ba ta san Issaka Issaka na Doso, wanda ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023. Wannan kallo ba ya bukatar babban dami. Tashar ƙasa ce ke kawo shi, tana kuma cikin mafi arhar tashoshi, mai ƙaramar rediyo ma ba a bar shi baya ba. Shi kaɗai ne ya rage daga gadon akwatin samariya: wasa guda, kowa na kallo, ba a tambayi aljihun kowa ba.

Sai dai kwana goma ne cikin shekara, alhali ƙwallon Turai wata tara take yi. Yaron da ke iya jera ƴan wasan Real Madrid goma sha ɗaya, da ƙasashensu da kuɗin da aka saye su, sau da yawa ba zai iya faɗin ƙungiyoyi uku na gasar Nijar ba, balle ƴan kokowar gundumarsa. Laifin ba na yaron ba ne, domin abin da aka ɗaure cikin dami shi ya gani. Ga wayar salula kuma ta shigo da wani sabon salo, inda saurayi kan sayi intanet na kwana guda ya kalli wasa shi kaɗai a tafin hannunsa. In wannan ya yawaita, rumfar ma da ke tara samari wuri guda tana iya bin sawun akwatin samariya.

Kammalawa

Cikin shekaru kusan 50 Damargu ta tashi daga kallon da ba zaɓi ba biya zuwa kallon da zaɓi ya yi yawa amma kowane da farashinsa. An samu riba: matashin Balbeji na ganin wasan ƙarshe na zakarun Turai a daidai lokacin da ɗan Madrid ke ganinsa, yana jin Faransanci mai rai wanda littafin aji ba ya ba shi, yana sanin garuruwa da ƙasashe tun kafin malamin labarin ƙasa ya zo kansu. Malami mai dabara na iya ɗora darasi a kan wannan. An kuma yi asara, domin dandalin da ke fito da gwanayen gida ya rage armashi.

Ƙungiyoyin al'adu da gidajen matasa da suka mallaki akwati suna da abin da mai rumfa ba shi da shi, wato ba su neman riba. In sun zauna zaɓen dami, suna da damar tambayar abin da shi ba zai tambaya ba: ko tashoshin ƙasa na ciki, ko mata da yara za su sami wurin zama, ko wasan dare zai hana ɗalibi barci, ko za a ware yammacin da za a kashe akwati a share fili a kira makaɗi. Kantou da waɗanda suka biyo bayansa a dandalin ƙauye suka koyi kamu kafin rediyo ta san sunansu, kuma in Damargu na son ta ga ɗanta ya ɗaga takobi a Télé Sahel, a irin wannan dandali ne zai fara faɗuwa ya tashi.